Mai Gyaran Firij a Tsibirin Fanya

Tun da na dawo ban zauna a majalisarmu ta Ƙofar Guga na shanye kofin shayi ba tare da wani ya ce, "Nasiru, wai ya can ɗin take?" ba. In na fara sai a kira salla, ko wani ya shigo a tsakiya a ce in koma farko. Malam Hadi tela ya ji labarin jirgin ruwa sau huɗu, har yau bai ji yadda na sauka daga cikinsa ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi daga farko har ƙarshe, mai son ji ya karanta, ni kuma in samu in sha shayina da zafinsa.

Sana'ata gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Na daɗe ina yi, kuma ba yabon kai ba, an san hannuna. Amma firjin da bai ga wuta ba ai ba ya lalacewa. Akwai lokacin da gidaje da yawa suka mai da nasu kabad, ana ajiye kwanuka da garin tuwo a ciki. Sai in wuni a shago ba wanda ya leƙo sai mai tambayar hanya.

Maƙwabcina Yohanna, mutumin Filato ne mai aikin wayarin, shi ya kawo maganar. Ƙanensa Danjuma yana aiki a kicin ɗin wani otal a Malabo, can tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kuma ya ce otal ɗin na neman wanda zai riƙa kula da injinan sanyi. Aka aiko mani takardar gayyata, na je Abuja na samo biza ta wata uku. Sharaɗin shi ne in na isa otal ɗin za su nema mani takardar zama.

Da na je gaya wa Inna, na yi ta maimaita sunan ƙasar tana kallona. Sai kawuna da ke gefe ya ce, "Fanya ce fa yake nufi, inda mutanen da ke zuwa aikin koko."

"To ka ce Fanya mana," in ji Inna. "Mi suke ci can?"

Na ce ban sani ba. Ta ce, "Za ka inda ba ka san abin da suke ci ba? Allah shi kiyaye hanya." Matata Hauwa'u kuwa ta cika mani gwangwani da yaji da kuka da daddawa, ta ɗaure bakinsa da tsumma.

Daga Katsina zuwa Kano ba labari. Daga Kano na hau doguwar bas zuwa Kalaba, tafiyar da na fita daga cikinta ƙafafuna kamar na aro. A Kalaba na sauka Bogobiri, unguwar Hausawa, wajen wani mai masauki Bazazzagi. Na tambaye shi ranar da jirgin Malabo ke tashi, ya yi dariya ya ce jirgin ba ya kallon kalanda, cikinsa yake kallo. Kwana shida na yi ina zuwa bakin ruwa kowace safiya ina ganin ana loda doya da katifu da buhunan albasa. Ranar tashi kuma aka hana ni shiga da tukunyar gas ɗina ta aiki, aka ce ba a ɗaukar irinta tare da fasinja. Gaskiyarsu ce, amma na ji kamar an raba ni da hannu ɗaya. Na bar wa mai masauki ita, na shiga da gejin auna gas da sauran ƙananan kayan aiki a jaka.

Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Jibiya bai kamata ya yi wa teku alfahari ba. Muna cikin kogi ina tsaye ina kallon itatuwa ina jin daɗi. Da muka fita fili sai jirgin ya fara wani irin rausaya, cikina ya ce bai san zancen ba. Duk abin da na ci a Bogobiri na mayar wa kifaye. Wata 'yar kasuwa mutuniyar Kalaba, mai kai busasshen kifi da barkono, ta ga halin da nake ciki ta miƙo mani ɗanyar citta ta ce in tauna in riƙa kallon nesa. Ita ce malamata ta farko a Sifaniyanci. Ta koya mani kalma uku: ola, wato sannu, grasiyas, wato na gode, da trabaho, wato aiki. Ta ce da waɗannan ukun ta fara, ga shi yanzu har faɗa take yi da shi.

Da safe tsibirin ya bayyana, wani ƙaton dutse kore shar da gajimare a kansa kamar rawani, garin kuma a gindinsa. A tashar jirgi muka yi layi. Jami'in ya duba fasfo da katin rigakafin shawara, sannan ya fara cike takarda. Ya tambayi sunan mahaifina, na faɗa. Sai ya tambayi sunan mahaifiyata. Na yi kamar ban ji ba. Ku kun san a nan ko a faɗa aka ambaci sunan uwar mutum sai an raba. Ya sake tambaya da ƙarfi, 'yar Kalaba ta taɓa ni daga baya ta ce su a nan kowa da sunan gidan ubansa da na gidan uwarsa yake tafiya, ba zagi ba ne. Na sunkuya na raɗa sunan Inna. Bai ji ba. Haka na ɗaga murya na faɗi sunanta gaban mutum kusan hamsin, shi kuma ya maimaita shi har sau biyu don ya tabbatar da rubutun. Na ce a raina Allah ya sa kada labarin nan ya kai Katsina. Ga shi yau ni da kaina na kawo shi.

Danjuma na jirana a waje. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto, amma tafiyar Yohanna gare shi sak. Tun daga yadda ya karɓi jakata bai kalli idona ba na san akwai magana. Sai da muka shiga tasi ya ce, "Malam Nasiru, ka yi haƙuri. Manajan da ya ce a kira ka an canja shi satin da ya wuce. Jiya na ji wai sabon ya ba wani kamfani aikin gaba ɗaya. Na kira wayarka ba ta shiga, kana cikin ruwa."

Na ce, "To yanzu fa?"

Ya ce, "Kana da wata uku. In ka samu wanda zai ɗauke ka ya sa hannu a takarda, ka zauna. In ba ka samu ba, dole ka fita kafin bizar ta ƙare. Nan ba a wasa da wannan."

Na tuna yadda aka raka ni tasha, da addu'ar da liman ya yi mani bayan asuba. Komawa da jakar da na fita da ita ya fi mani teku tsoro.

Danjuma ya samo mani ɗaki a gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Bubi, su ne 'yan asalin tsibirin. Sunanta Pilar, bakina ya mai da shi Mama Fila, ita ma ta karɓa. Gajeriya ce mai ƙarfin murya, tana sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi a ƙofar gida. Ranar farko ta riƙe hannun rigata tana zagayawa da ni. Ta buɗe wani ɗaki mai kujeru ta ce, "Sala." Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe har wurin salla ta tanadar mani. Da azahar na shimfiɗa darduma a tsakiyar ɗakin na tayar, jikokinta na zaune suna kallon talabijin ta saman kaina. Ashe sala falo ne. Da ta kai ni ɗakina kuma ta nuna ciki ta ce, "Kama," sai na waiga in ga wa za a kama. Gado take nufi.

Abincinsu ayaba ce da rogo da gwaza, sai kifi, kifi, kifi. Akwai miyar gyaɗa da ta yi kusa da tamu, da wani romon kifi mai yaji da ke sa mutum ya yi gumi ko ana ruwan sama, ruwan sama kuwa can ba ya neman izini. A manyan kantuna za ka ga cinyar alade a rataye a fili kamar yadda muke rataye kilishi. Na roƙi Danjuma ya yi wa Mama Fila bayanin abin da ba na ci. Ta saurara, ta shiga kicin, ta fito da wata sabuwar tukunya ta ɗaura mata jan zare a hannu. Tun daga ranar ba wanda ya isa ya taɓa tukunyar nan sai don girkina. Ni kuma na kaɗa mata miyar kuka wata rana. Ta ɗanɗana, ta ce wa Danjuma ya tambaye ni ko magani ce.

Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, buwenas, an gama. Na kasa sabawa. Wata safiya na sa Danjuma ya fassara mata gaisuwa irin tamu: an tashi lahiya, ya gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jiki, ya muka ji da ruwa. Kafin ya kai ƙarshe ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wa ya mutu?"

Neman aiki na fara shi washegari. Danjuma ya sa aka buga mani takardar bayanin kaina da Sifaniyanci, na ɗauka ina bin otal-otal da kantuna da kamfanonin gini. A Malabo ana wani irin broka da suke kira Pici, da shi da guntun brokan da na tsinta a Sabon Garin Kano nake lallaɓawa. Wuri na farko da aka bar ni na wuce maigadi, wani babban kanti ne. Manajan ya karɓi takardar, ya duba sama-sama, ya ce, "Manyana."

Na fito ina murna. Na ce wa Danjuma, "Mutumin nan mai ladabi ne, kuma da alama ya ɗan ji Hausa. Ya ce sai ya shawarci manyansa."

Danjuma ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce manyana gobe ke nan. Na ce ai wannan ya ma fi. Washegari na saka wankakkun kaya na koma, aka ce manyana. Na koma jibi, manyana. Sati uku ina tara manyana daga wurare dabam-dabam, ba wanda ya ce a'a, ba wanda ya ce zo.

A cikin kwanakin nan ne na kusa jawo wa kaina. 'Yan sanda suna tsayar da baƙi su duba takardu, wannan kowa ya sani. Wata rana aka tsayar da tasin da nake ciki, ɗan sandan ya duba fasfona, ya ga jakar kayan aiki a cinyata, ya ce, "Trabaho?" Ni kuwa da na ji kalmar da nake nema tun safe sai na washe baki na ce, "Si, si, trabaho!" Wato e, e, aiki, don na ɗauka yana da firjin da ya lalace. Ashe tambayata yake ko ina aiki ba da izini ba, ni kuma na amsa laifi da fara'a. Har ya buɗe ƙofa ya ce in fito. Direban, wani mutumin Mali, shi ya yi ta bayani da hannu da baki cewa nema nake, ban samu ba. Ɗan sandan ya kalle ni ya girgiza kai ya miƙo fasfon.

Ranar Juma'a ina zuwa masallaci, inda ake haɗuwa da 'yan Mali da Sanagal da Kamaru, da Hausawan da aka haifa a can, masu Hausa da Sifaniyanci a gauraye kamar fate. A bakin masallacin akwai wani tsoho mai tebur, yana sayar da goro da carbi da turare. Na tsaya na ɗauki goro na ce, "Baba, wannan mi ne kuɗinsa?"

Ya ɗago kai a hankali. "Sake faɗi."

Na sake.

"Kai Bakatsine ne. Wace unguwa?"

Na ce Ƙofar Guga. Ya jawo benci ya ce in zauna. Sunansa Baba Ilu, haifaffen wani lungu ne bayan hasumiyar Gobarau. Ya zo tsibirin yana saurayi, an yi mashi alkawarin aikin tuƙi, ya iske babu. Ya ce bari ya ɗan zauna shekara ɗaya ya samu abin komawa. Ya fi shekara arba'in yanzu. Ya auri 'yar ƙasar, ta rasu, 'ya'yansa suna jin Hausa amma da Sifaniyanci suke amsawa.

Na ba shi labarin manyana. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaro, manyana ba gobe ba ce. Ma'anarta ba yau ba. Ka daina yawo da takarda. Garin nan ƙarami ne, kowa ɗan uwan kowa ne. Ba a ba takarda aiki, hannu ake ba. Ka bari wani shi ga hannunka, shi zai gaya ma ɗan uwansa."

Na ce, "Baba, wa zai ga hannuna alhali ba a bar ni na taɓa komai ba?"

Ya ce, "Wannan kuma na Allah ne."

Saura kwana goma sha biyu bizata ta ƙare, na riga na fara tambayar ranar jirgin Kalaba, sai na tashi da safe na iske Mama Fila tsaye kan firizarta hannu a ka. Ƙanƙara ta narke, ruwa na bin ƙasa. Tana ta kiran wani mai gyara a waya, yana ce mata abin da kuka sani. Na ɗauko jakata na nuna kaina na nuna firizar. Ta matsa mani. Abin bai kai ya kawo ba, ɗan ƙaramin abin da ke tayar da kwampireso, wato injin firizar, ne ya ƙone, kuma ina da irinsa a jaka. Kafin ta gama dafa ayaba injin ya ɗauka. Ta ɗora tafin hannu a jikinsa tana jin rawarsa, ta kalle ni kamar yau ta fara ganina. Ashe duk tsawon zamana ta ɗauka ni mai gyaran rediyo ne.

Nan take ta shiga ta sako rigar zuwa coci, ta ɗauki jaka, ta ce in biyo ta. Muka hau mota zuwa Luba, wani ƙaramin gari na masunta a kudu da Malabo. A can 'yar ƙanenta Rosa ke shugabantar ƙungiyar mata masu sayar da kifi. Suna da ɗakin sanyi guda, ya yi wata biyu a mace, kifin da ba a sayar ba da rana sai a banda shi ko a zubar.

Rosa doguwa ce, mai gilashi, ba ta ɓata magana. Da aka gabatar da ni ta matso ta kawo kumatunta kusa da nawa, don haka suke gaisawa, maza da mata. Na ja da baya ba tare da na duba ba, na faɗa zaune cikin baho cike da kifi. Matan suka kwashe da dariya, har da masu tafi. Mama Fila ta yi masu bayani, Rosa ta ɗora hannu a ƙirji ta ɗan rusuna, ni ma na yi haka daga cikin bahon. Tun ranar haka muke gaisawa.

Na duba injin, gas ya tsiyaye. Aka aika Malabo aka sayo gas da kayan walda. Na shafa kumfar sabulu a bututu, na ga inda yake yoyo, na like, na cika. Kafin la'asar ɗakin ya yi sanyin da sai ka rungume hannu. Matan suka kwaso kifin ranar gaba ɗaya suka jera a ciki. Na koma Malabo ina jin kaina kamar wanda ya ci zaɓe.

Washegari da hantsi Rosa ta kira. Ban fahimci kalmominta ba, amma muryar ta ishe ni. Na isa na iske ƙofar ɗakin a buɗe, kifi ya yi laushi, wani ya fara wari. Matan da suka yi mani tafi jiya suna ta hura wuta don su banda abin da ya saura, ba wadda ta kalle ni. Abincin gidajensu ne na sa suka zuba a ciki.

Na tsuguna gaban injin na rasa ta inda zan fara, don inda na like yana nan daram. Sai wani dattijo mai gyaran injin kwalekwale, Andres, ya zo ya tsaya kaina. Ya ja ni zuwa ƙofar wani shago, ya nuna mani ƙarfen da ke riƙe da ita, ya murza da yatsa, ƙarfen ya zube kamar gari. Ya nuna teku, ya lashi yatsansa, ya ce, "Sal." Gishiri. A Katsina zafi ne da wutar da ke zuwa da hauka ke kashe inji. A can iska ce da kanta, tana ɗauke da gishiri tana cin ƙarfe a ɓoye. Na kwance bututun waje gaba ɗaya, na hura mashi iska, muka nutsa shi a kwalekwalen da muka cika da ruwa. Kumfa ta taso ta wuri bakwai. Ni ɗaya na gani jiya na tsaya.

Na kira Danjuma a waya na ce ya fassara wa Rosa kalma da kalma. Na ce laifina ne, na ga rami ɗaya na yi gaggawa, ban san halin iskar garinsu ba, kuma in ta ce in tafi ba zan ga laifinta ba. Ta daɗe tana kallona ta saman gilashi. Sannan ta yi magana, Danjuma ya ce, "Ta ce mutum biyu sun zo kafin kai, da abin ya sake mutuwa duk sun ce laifin injin ne. Ta ce ka gyara. Amma kwana uku ɗakin zai yi babu kifi a ciki sai bokitin ruwa."

Andres ya kai ni bayan tashar jirgi inda aka yar da wata tsohuwar kwantena mai injin sanyi, muka samu izinin mai ita muka ciro bututunta, wanda aka yi shi don zaman teku. Wuni biyu muna aikin, shi ba Hausa, ni ba Sifaniyanci, sai nuni da ƙarar guduma. Kwana ukun da suka biyo baya a Luba na yi su, a ɗakin ajiyar ragar Andres. Kowace safiya Rosa ta zo da makulli, ta buɗe, ta ƙwanƙwasa bokitin da ɗan yatsa. Rana ta uku ta kife shi a ƙasa, ƙanƙarar ta faɗo dunƙule guda ba ta fashe ba. Ta juyo ta ce, "Trabaho." Wannan karon na tabbatar da abin da ake nufi kafin na amsa.

Ƙungiyar ce ta sa mani hannu. Muka kai takardu saura kwana huɗu, aka ba ni 'yar shaidar cewa ana kan aiki, na riƙa yawo da ita a cikin leda a aljihun ƙirji har takardar zama ta fito. Maganar Baba Ilu kuma ta tabbata. Rosa ta gaya wa mijin yayarta mai gidan abinci, shi ya gaya wa wani mai kantin magani, kafin wata shida wayata ba ta hutawa. Shekara biyu na yi a Luba. Na koyi Sifaniyanci daidai na ciniki da na ba da haƙuri. Na ga yadda gari ke mutuwa murus ranar Lahadi, da yadda ake cin abincin rana sai wajen la'asar. Na yi azumi biyu a can, matan kasuwa suna ajiye mani kifin da ya fi kyau don buɗa baki, suna mamakin wai ko ruwa ba a sha. Su ma na yi mamakinsu da yawa. Mace ce ke riƙe da makulli da lissafin komai a bakin ruwan nan, mazan su kamo kifi su miƙa su koma gefe.

Da kwantiragi ya ƙare Rosa ta ce a sabunta, in kawo iyalina. Na yi tunani sosai. Amma Inna ta fara rauni, Hauwa'u kuma ta gaya mani firiza mai aiki da hasken rana ta fara yawa a gari, ana neman masu gyara. Na nuna wa Andres duk abin da na sani game da ɗakin, na haɗa kaya. Mama Fila ta naɗe tukunyar nan mai jan zare a jarida ta ce in kai wa matata.

Juma'ar ƙarshe na je sallama da Baba Ilu. Ya zaɓo goro masu kyau ya ƙulle mani, sannan ya shiga gyara carbin da bai karkace ba.

"Ina da yaya," in ji shi. "Binta. Ita ta goye ni. Ban sani ba ko tana da rai."

Na ce, "Baba, duk shekarun nan ba ka aika ba?"

"Da fari na ce sai na samu abin da zan aika da shi. Daga baya kuma kunya ta hana. In ka je ka duba. In ta rasu kada ka gaya mani, ka ce ba ka gane gidan ba."

Ya kwatanta mani lungun, da sunan mahaifinsu, da wata rijiya da ke ƙofar gidan.

Kwana uku da dawowata na tafi. Rijiyar babu ita, an yi shago a wurin. Wani tsohon wanzami ne ya gane sunan mahaifin, ya ce gidan na nan amma Binta tana wajen ɗanta a Ƙofar Sauri. Na bi kwatance na yi sallama. Ɗan nata, magidanci mai furfura, ya saurare ni a zaure, ya kalle ni kamar ɗan damfara, sannan ya shiga. Can sai ga shi ya fito riƙe da hannun wata tsohuwa da idonta ya yi fari. Aka shimfiɗa mata tabarma. Na gaishe ta, ba ta amsa ba sai cewa ta yi, "Kai ka gan shi da idonka?"

Na ce, "Hajiya, goronsa ma na cikin aljihuna."

Na kira lambar Baba Ilu, na ƙara murya, na ɗora wayar a tafin hannunta. Ya ɗauka ya yi sallama.

"Ilu?"

Shiru. Har na ɗauka layin ya yanke.

"Ilu, ashe kana da rai ka bar ni ina yi maka sadaka duk shekara?"

Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa, ba irin wadda na sani a bakin masallaci ba. "Yaya, aikin ne ban samu ba."

"Wa ya aike ka ka samo?" in ji ta. "Ka taho gida."

Ni da ɗanta muka kalli juna, muka tashi muka fita muka zauna kan dakali a ƙofar gida. Sai bayan la'asar aka miƙo mani wayar, ba caji.